Babin Goggo Baiwa

Kasuwar Relief, Anacha.
Watan Fabrairu.

Zuwa ga Saifullahi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da Mansura da abin da take ɗauke da shi, Allah ya sauke ta lafiya. Mu nan alhamdu lillahi, sai ciwon bayan nan nawa da ya ƙi barina. Baban su Ummi ya yi zazzaɓi amma ya miƙe.

Na koma takarda ne saboda na gaji da kiran wayar da ba a ɗagawa. Malam Yunus direba, mai lodi a tashar Upper Iweka, shi zai ba ka hannu da hannu, don kada gobe ka ce ba ta iso ba.

Makon jiya na kai wake kasuwar Ogbete a Inugu, na ce bari in biya unguwar Asata in gaida Goggo Baiwa. Ban same ta a ɗaki ba. Ka san inda na same ta? Bakin titi, gaban shagon mai faci, zaune a kan 'yar kujera da kasko a gabanta tana suyar ƙosai. Goggo fa! Matar da ba ta iya tashi daga sallaya sai ta dafa bango. Hayaƙi na shiga idon da aka yi wa aiki bara, 'yan okada na tsayawa a kanta suna cewa, "Mama, do quick," ita kuma tana ta sauri. Na tsaya a tsallaken titi na kasa ƙarasawa, don kunya.

Da na ƙarasa na ce, "Goggo, me ya kawo wannan?" Ta ce zaman ɗaki ne ya ishe ta. Na ce, "Saifullahi fa?" Ta ce, "Yana lafiya, ina jin." Ina jin! Na ce yaushe rabonki da muryarsa? Ta ce tun kafin Mauludi. Daga nan ta kama tambayata farashin wake.

Saifullahi, ni Goggo ta nesa ce a wurina. Kakata da kakarka ne suka fito ɗaki ɗaya, iyakarta ke nan. Kai kuwa ƙanwar mahaifinka ce. Ita ta ɗauko ka ranar da aka binne mahaifiyarka, ta goya ka a motar shanu tun daga Kazaure har Inugu. Da wannan kaskon ta biya maka makaranta, kuma kai da bakinka ka ce, ranar da ka kama aiki, ba za ta ƙara hura wuta a titi ba kana raye. To, na ga wutar. Kai kuma ban ji an ce ka mutu ba.

In aikin ne ya ƙare, ka faɗa mana, ba abin kunya ba ne, mu haɗa abin da za mu iya. In kuma Fatakwal ce ta shiga kanka har ka yanke mata ɗan abin da kake tura mata, to ka ji tsoron Allah.

Ina jiran amsa a hannun Malam Yunus.

Yayarka,
Zakiyya.

*

Diobu, Fatakwal.
Watan Fabrairu.

Zuwa ga Yaya Zakiyya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same mu lafiya. Mansura na gaishe ki, ƙafafunta sun kumbura amma likita ya ce ba komai. A gaida Baban su Ummi da jiki.

Yaya, da wani ne ya rubuto min abin da kika rubuto, da ban amsa ba. Kin yanke min hukunci a tsallaken titi, ba ki tambaye ni ba. Ban yanke wa Goggo ko kwabo ba. Ban taɓa tsallake wata ɗaya ba. Na ma ƙara mata bayan ƙaramar salla.

Bari in gaya miki abin da ba ki sani ba, tunda ba kya tambaya sai dai ki yi faɗa. Bara da damina mai gidan hayarmu ya fitar mana da kaya waje ana ruwa. Katifar auren Mansura a cikin kwata na tsamo ta, maƙwabta na leƙe ta taga. Ba don ba na samun albashi ba ne. Ina samu. Amma kafin tsakiyar wata sai in duba in ga babu, kuma in rantse miki ban san inda ya bi ba. Ranar na yi alkawari ba zan sake tsayawa a gaban matata haka ba.

Wani abokin aikina a sito ya nuna min wata manhaja a waya. Ana haɗa ta da asusun banki. Duk abin da ya shigo tana gani, duk abin da ya fita tana rubutawa da kanta, ta raba shi gida-gida: abinci, kuɗin mota, haya, katin waya, magani. Kai ne za ka gaya mata iyakar kowane gida. In ka kusa iyakar sai ta yi ƙara, in ka wuce ta nuna ja. Watan farko da ta nuna min abin da nake zubarwa a tsire da kati da "ga wannan ka sha ruwa," sai da na ji jiri. Yanzu hayar shekara tana ajiye. Kayan haihuwa na kusa haɗawa. Ban ci bashin kowa ba tun lokacin. In wannan ne Fatakwal ta shiga kaina, to na gode mata.

Na Goggo kuwa, shi na fara sa wa hannu. Na umarci manhajar ta riƙa tura mata da kanta duk ranar da albashi ya shigo, kafin in taɓa komai, ko ina barci, ko ina asibiti, ko na manta. Na yi haka ne don kada son zuciyata ya ci haƙƙinta. Tun daga lokacin na rufe babin Goggo, hankalina ya kwanta.

Ga takarda nan na sa an buga miki daga wayar, ki duba da idonki. In kuɗin ba ya isa hannunta, to wani ne ke cinyewa a Asata, sai ki bincika can maimakon ki zage ni nan.

Maganar waya kuma, a sito ba a barinmu mu riƙe ta, in na tashi kuma na gaji. Zan kira ta.

Ƙaninki,
Saifullahi.

*

Kasuwar Relief, Anacha.
Watan Maris.

Saifullahi,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya. Allah ya ba Mansura sauƙin ƙafa, ka ce ta rage gishiri.

Na ga takardarka mai layi-layi. Ba na buƙatar mai fassara, ni ma na zauna a aji. Na yarda ka tura, na janye wannan. Amma ka duba takardar kafin ka ba Malam Yunus? Ka ga gidan da ka sa Goggo? Wuta. Ruwa. Masu kwashe shara. Goggo. A jere, a layi ɗaya, shara a sama ita a ƙasa. Na karanta a rumfa har mai awon barkono ta kusa da ni ta ce lafiya, don ta ga yadda fuskata ta koma.

Ka ce in bincika ɓarawo a Asata, to na je na bincika. Na rufe rumfa ranar Asabar, ranar ciniki, na hau mota. Na same ta inda na bar ta. Na ce, "Goggo, Saifullahi ya ce yana turowa duk wata. Wa ke riƙe miki katin banki?"

Ta ce, "Katina na cikin kwalla, ba wanda ya taɓa. Na san yana turowa."

Na ce, "Kin sani?"

Ta ce, "Wayata takan yi ƙara duk ƙarshen wata. Da farko nakan yi sauri in ɗauka, in ce salamu alaikum. Ba kowa a ciki. Maƙwabciyata Madam Nkechi ta gaya min saƙon banki ne."

Na ce to me ya hana ki cira ki ci?

Ta ce, "Da can yakan kira ya ce, Goggo na turo, ki sayi maganin ƙafa. In ce Allah ya yi maka albarka, ya ce amin. Yanzu wa zan sa wa albarkar? Banki? Ni ba na cin abin da aka jefo min ta katanga."

Ka ji ɓarawonka. Kuɗin na nan kwance tun kafin Mauludi, ko naira ba ta taɓa ba.

Ta ga takarda a hannuna ta ce in karanta mata abin da ka ce. Na karanta. Ban rage ba, ban ƙara ba. Da na zo inda ka ce ka rufe babinta hankalinka ya kwanta, ta ce in maimaita. Na maimaita. Ta ce, "Da hannunsa ya rubuta?" Na ce da hannunsa. Ta ce ɗayar fa, mai layi-layi? Na gaya mata ita ma. Ba ta yi kuka ba. Ta sa matsami ta juya ƙosanta, ta ce wa wani yaro ya kawo canji. Ni ce na yi kukan, a mota, har Awka.

Ka ce za ka kira ta. Yau mako nawa? Ko injin naka bai ba ka izini ba, gidan kati ya nuna ja?

Zakiyya.

*

Diobu, Fatakwal.
Watan Maris.

Yaya Zakiyya,

Bayan sallama. Muna nan da rai.

Wa ya aike ki? Ina tambayarki, wa ya ce ki ɗauki wasiƙar da na rubuto miki ke, ki kai wa tsohuwa bakin titi ki karanta mata? Kin san sarai abin da nake nufi da rufe babi. Ina nufin na gama da damuwar ko zan manta, ko zan cinye. Ke 'yar kasuwa ce, in kin biya mai mota kika ce kin rufe da shi, gaba kuka ƙulla? Gidan nan kuma da kike ta maganar shara, manhajar ce ke haɗa duk abin da ake biya wata-wata wuri ɗaya. Gidan da ba a taɓawa ke nan, wanda ko yunwa zan kwana da ita sai an biya. Na sa ta inda ya fi ko'ina tsaro, kin je kin ce mata na sa ta a bola.

Kin san yadda na ji sakamakon aikinki? Ina sito ranar Laraba, lokacin hutu na kunna waya. Sai ga manhajar ta cika fuskar wayar da hoton furanni suna zubowa. Ta rubuto min: Barka, ka samu kuɗin da ba ka yi tsammani ba, kana so a zuba su a ajiyar haihuwa? Na duba sunan wanda ya turo. Goggo ce. Ta sa Madam Nkechi ta raka ta wurin mai POS ta maido min duka, tun na farko. Furanni, Yaya. Na shiga bayan buhunan siminti na zauna, don kada ma'aikata su ga fuskata.

Na kira ta ranar, na kira washegari. Madam Nkechi ke ɗauka, ta ce Mama na aiki.

Tunda kina son a faɗi komai, bari in faɗa. E, na rage kira, kuma ba gajiya kaɗai ba ce. Duk kiran da na yi wa Goggo da sabon biki yake ƙarewa. 'Yar wane za ta yi aure, wane ya rasu a Kazaure, ɗan wance na asibiti, Saifu ka yi wani abu kada a ce ba mu yi ba. Ba na iya ce mata babu. Haka na riƙa yi wa garin Kazaure hidima har aka watso katifar matata cikin kwata, kuma ba wanda ya zo daga Kazaure ya taya ni ɗauka. Ke ma ba ki zo ba.

Abin da kika faɗa min a waya jiya, cewa na zama bawan inji kuma Allah ya sa ɗana ya yi min haka, ban yafe ba tukuna. Ɗan da ba a haifa ba me ya yi miki? Na toshe lambarki. In kina da magana, Malam Yunus na nan.

Saifullahi.

*

Anacha.
Watan Afrilu.

Saifullahi,

Sallama. Ba ni da lokacin doguwar gaisuwa.

Goggo ta ƙone. Wani mai keke napep ya kauce wa rami ya bugi murhun, kaskon ya kife mata a hannun dama, daga wuyan hannu har gwiwa. Madam Nkechi da mai faci suka kai ta asibiti. An wanke, an naɗe, an sallame ta. Na je na kwana biyu a wurinta na dawo, don ba wanda zan bar wa yara.

Na kira ka har na gaji, sai wata mata ke gaya min da Turanci wai ba za a same ka ba. Lambar matarka kuwa ba ka taɓa ba ni ba. Goggo ta hana a gaya maka. Ta ce wanda ya rufe babi ba a buɗe masa. Ni ban yi mata alkawari ba.

Na biya asibiti, ba kuɗinka nake nema ba. Kada ka turo komai, wallahi in ka turo zan sa a maido. Ƙafarka ake so.

Zakiyya.

*

Asata, Inugu.
Ranar Litinin.

Yaya Zakiyya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya da yara. Dubi inda nake rubuto miki. A ɗakin Goggo nake, a kan tabarmarta, ita kuma ba ta nan.

Takardarki ta yi fiye da mako a hanya. Motar Malam Yunus ta lalace a Owerri, ya bar ta wurin makanike da takardar a cikin aljihun gaba. Sai shekaranjiya da yamma ya kawo min yana ta ba da haƙuri. Kin ce ba ki da lambar Mansura. Lambar Malam Yunus fa? Lambar limamin masallacinmu na Diobu, wanda mijinki ya sani? Hannun tsohuwa ya ƙone, kika sa labarin a ambulan kamar katin biki, don dai ki nuna min kin iya fushi. Na san ni na toshe ki. Duk da haka.

Jiya da sassafe na hau mota. Mansura saura mata makonni, na bar ta da maƙwabciyarmu Hannatu, na ce zan dawo Talata. Na iso Asata da azahar na tarar da kwaɗo a ƙofa. Madam Nkechi ta fito tana tafa hannu, ta ce, "Ah ah, Saifu! Mama don go your house!" Wai Goggo ta tafi gidana.

Ashe tun ranar Asabar Mansura ke jin ciwon mara ta ɓoye min, don ta ga yadda takardarki ta tayar min da hankali, kada ta hana ni tafiya. Kuma ashe duk watannin nan tana kiran Goggo duk Juma'a da wayarta, ban sani ba. Da ciwon ya ƙi lafawa bayan na fita, ba ta kira ni ba, Goggo ta kira. Madam Nkechi ta ce Goggo ko karyawa ba ta yi ba. Ta ɗaure kaya da hannu ɗaya da haƙori, ta sa aka tsayar mata da keke zuwa tasha. Madam Nkechi ta ce mata hannun fa, Goggo ta ce da ɗayan za ta riƙe jaririn. Wataƙila a wajen Umuahia motocinmu suka wuce juna.

Na koma tasha a guje, motar ƙarshe ta cika ta tashi. Kafin magariba Hannatu ta kira ni. Mace ce. Uwa da 'ya suna lafiya. Goggo ce ta karɓe ta daga hannun nas. Na ce a ba ni Goggo, na ji muryarta a gefe tana cewa a gaya wa mai kiran hannunta ba wuri.

Yau kuma Litinin, ranar zaman gida dole, kin san ba motar da ke motsi a nan. 'Yata na Fatakwal, wani ne ya yi mata kiran salla a kunne, ni ina nan ina kallon bango.

Madam Nkechi ta ba ni makulli. Yaya, na buɗe kwanukanta. Garin rogo ne kaɗan da rabin kwalbar manja. Maganin idonta ya ƙare, kwalbar ce kawai a kan taga. Zanen da ta ƙone da shi na rataye a ƙusa, ta wanke shi, gefe ɗaya ya ƙanƙance. Hotona na gama sakandare na nan inda yake. Duk watannin nan ina buɗe waya ina ganin kore a gaban sunanta, ina cewa Goggo ta ƙoshi.

Ina jin haushinta, wallahi, da ta zaɓi yunwa a kan ta kira ni ta zage ni. Ina jin haushinki. Wanda na fi jin haushi kuma ba sai na rubuta sunansa ba.

Zan ba masu motar wake wannan takarda gobe kafin in wuce.

Saifullahi.

*

Diobu, Fatakwal.
Ranar Laraba.

Yaya Zakiyya,

Sallama. Na iso jiya lafiya. Mansura na samun ƙarfi, jaririya na shan nono sosai. Hannun Goggo na warkewa, na kai ta an sake naɗewa yau, nas ta ce ba ruwa a ciki.

Na same ta a tsakar gida tana ba Hannatu umarnin yadda za a dafa ruwan wankan jego. Na durƙusa na gaishe ta. Ta ce wa Hannatu ta ƙara itace. Na sake gaisuwa. Ta ce ganyen bai isa ba. Na zauna a ƙasa a wurin, a gaban matan gidan haya duka, ban tashi ba har ruwan ya tafasa.

Tun da ta zo ta karɓe gidan. Ta aiki a sayo kaji, ta sa an yi kunun kanwa a babbar tukunya ana raba wa har Inyamuran gidan da mutanen Ogoni na ɗakin ƙarshe. Da katina ake biya, don haka wayata ba ta huta ba, gidan abinci ya yi ja tun jiya. Ina durƙushe wayar na ta ƙara a aljihuna. Nan ne Goggo ta juyo ta dube ni karon farko. Ta ce, "Wannan abin da ke kuka a jikinka, yunwa yake ji?"

Na ce, "A'a, Goggo, gargaɗi yake min."

Ta ce, "To ka ce masa an yi haihuwa." Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Kai ma ka rame. Tashi ka wanke hannu."

Iyakar abin da ta ce ke nan, amma ita ta zuba min da hannun hagu.

Manhajar ban cire ba, kuma ba zan cire ba, don ita ta sa yau nake da abin yanka rago ba tare da na je ƙofar kowa ba. Na dai hana ta taɓa na Goggo.

Suna ranar Lahadi. Halimatus Sa'adiya za a sa, sunan Goggo na yanka. Ban gaya mata ba tukuna. Na buɗe lambarki. Ina gayyatarki don Mansura ta ce dole, amma maganar da kika yi a kan 'yata tana nan, ba ki janye ba.

Saifullahi.

*

Kasuwar Relief, Anacha.
Ranar Juma'a.

Saifullahi,

Wa alaikumus salam. Barka, barka. Allah ya raya Halimatu, ya sa mai jin ƙan iyayenta ce. Ka ga na janye ke nan, kada ka ƙara tayar min da maganar. Takardunka biyu sun iso tare. A gaida mai jego.

Yanzu ka saurara, don raina a ɓace yake. Jiya ina tsakiyar awo wayata ta yi ƙara, lambar Mansura, ashe Goggo ce. Na ce to, yau za a gode min. Ko gaisuwa ba ta bari na gama ba. Ta ce, "Zakiyya, ke ce kika ce wa Saifu bawan inji?" Na ce Goggo ai saboda ke ne. Ta ce, "Na aike ki?" Ta ce ta ga yaron duk ya zube, wuyansa kamar na zakara, ashe ni ce na hana shi barci da takardu. Ta ce me ya sa ban gaya mata an taɓa fitar masa da kaya a ruwa ba. Na ce ai na karanta miki, Goggo, yana cikin wasiƙar. Ta ce ban karanta wurin da ƙarfi ba, wurin shara kawai na ɗaga murya. Ta ce, "Ɗana ne. In zan yi fushi da shi shekara goma, ni da shi ne. Ke ina ruwanki?"

Masu sayen wake na tsaye suna jira, ni ina riƙe da waya ina cewa to Goggo, yi haƙuri Goggo. Ni da na rufe rumfa ranar ciniki. Ni da na kwana a ƙasan ɗakinta ina mata fifita a hannu, ina ba ta abinci a baki. Yau ni ce mai shiga tsakanin uwa da ɗa. Kai kuma da ka bar ta da garin rogo, an zuba maka kaza. Na gaya wa Baban su Ummi ina huci, ya yi ta dariya har da tari, shi ma ban yi masa magana ba tun jiya.

A ƙarshe ta ce in taho mata da maganin ido da zannuwanta biyu na cikin akwati, wai ba ta dawowa Asata sai an yi arba'in, wataƙila ma ta wuce. Wato sai na fara zuwa Inugu gobe da asuba in ɗauko, sannan in juyo Fatakwal. Ba ta tambaye ni ko bayana zai iya ba.

Zan zo. Ba don kai ba, don mai sunan Goggo. Ina tafe da buhun wake da rabin na gero na kunun mai jego, kuma zan sauka da yamma. Ka zo tasha da kanka, kada ka turo min Hannatu ko wani mai keke. Buhun da nauyi, kuma a kanka za ka ɗauka har gida.

Yayarka, ko kana so ko ba ka so,
Zakiyya.